«Lahiya lau, Inna»: ciwon da ƴaƴanmu na jami'a ba su faɗi a waya

 

Yau da wuya a zauna taron mako a ƙungiyoyinmu ba a samu mace ɗaya ko biyu mai ɗa ko ɗiya a jami'a ba. Da can ba haka abin yake ba. Lokacin da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, jami'ar gwamnati guda ce tak a ƙasar nan, wadda ke Harobanda a Yamai, tsallaken gadar Kennedy, wadda yanzu ake kira Abdou Moumouni. In ɗan talaka daga ƙauye ya kai can, sai a yi ta labarinsa har garuruwan maƙwabta. Yanzu ga Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ga André Salifou a Damagaram, ga Djibo Hamani a Tawa, a 2014 kuma aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Kuma kowa ya sani, kuɗin akwatinmu na cikin abin da ke kai yaran nan can. Kuɗin rajista, kuɗin mota, katifa da bokiti, hayar ɗaki in ba a samu wurin kwana cikin jami'a ba, da hotokofin darasi wanda ba ya ƙarewa. Duk sakatariyar ƙungiya ta san watannin da rancen «karatun yaro» ke cika kaye.

Farashin waɗannan duka mun san shi har dala. Amma akwai wani kaya da yaran ke ɗauke da shi wanda ba ya shiga kaye, kuma ba ya fitowa a waya. Ki kira ɗanki ranar Juma'a da marece, ki ce ƙaƙa karatu, sai ya ce lahiya lau, Inna. Ƙaƙa abinci, lahiya lau. An yi jarrabawa? An yi, sai addu'a. Minti biyu an gama, ki aika ɗan abin da ya samu ta Nita ko Al Izza, hankalinki ya kwanta. Sau da yawa lahiyar ce da gaske, alhamdu lillahi. Wani lokaci kuma mai cewa lahiya lau ɗin ya yi kwana goma bai yi barcin kirki ba, ya yi wata bai taka ɗakin darasi ba, kuma ya san akwai masu aikin duba irin wannan ciwo amma ƙafarsa ta ƙi kai shi. Wannan ƙin zuwan shi ne abin da muka zauna a kansa a ƙungiyarmu, har taro uku, kuma muka ga ya dace sauran ƴan uwa su ji.

Mun gayyato wani ma'aikacin jinya da ya yi ƙarin horo kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ya zauna da mu bayan an rufe akwati. Ya ce mana a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019, mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wani nau'in ciwon ƙwaƙwalwa ko na zuciya irin na damuwa, kuma mafi yawansu ba su ne masu yawo a bola da tsumma ba. Mutane ne masu wanka, masu salla, masu zuwa kasuwa. Ya ce yawancin waɗannan ciwuttuka suna fara nuna kansu kafin mutum ya kai shekara 25. Muka dubi juna, don wannan shi ne daidai shekarun da muke ɗora yaro a mota da jakarsa, mu tura shi garin da bai san kowa ba. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, daga Damagaram ya kusa 900. Yaron da bai taɓa kwana wani gida ba sai na kakarsa, rana ɗaya ya tsinci kansa a ɗaki da mutum biyar ko shida, a aji da ɗaruruwa, malami bai san sunansa ba, burus in yana da ita wani lokaci ta yi jinkiri, zafin watan Afirilu ya hana barci, ga jarrabawa a gaba.

Ya bayyana mana yadda ciwon damuwa yake. Kowa yana baƙin ciki, wannan ba ciwo ba ne. Amma in ya kai mako biyu ko fiye, kullum, mutum ba ya jin daɗin abin da ya saba jin daɗinsa, barci ya gudu ko ya yi yawa, abinci ba ya shiga, ya karanta shafi sau biyar bai riƙe kome ba, yana ganin kansa ba shi da amfani, to abin ya wuce baƙin cikin yau da gobe. Akwai kuma ciwon fargaba, inda zuciya ke bugawa kamar za ta fito, numfashi ya yi wuya, gumi ya keto, mutum ya ɗauka mutuwa ce ta zo. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne da ya ce a wajenmu da wuya mai wannan ciwo ya ce «raina ne a ɓace». Cewa yake kaina yana zafi, ƙirjina ya yi nauyi, wani abu yana mani yawo a jiki. A yi awon palu, babu. A yi na tifoyid, babu. A sha ƙwaya, a yi ƙarin ruwa, a koma. Mata uku a wurin suka ce wallahi haka nasu ya yi.

Da hutu ya zo muka nemi yaranmu na jami'a da ke gari, maza da mata, muka ce su gaya mana gaskiya, don mi ɗalibi ba ya zuwa wurin likita a kan irin wannan. Da farko dariya suka yi ta yi. Ɗaya ya ce a Yamai in aboki ya yi shirme sai a ce masa za a kai ka Pabiyon E, wato sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa. Wurin magani ne, mutane da yawa sun shiga sun fito da lafiyarsu, amma a bakin samari sunan ya zama abin tsokana. To wa zai yarda a gan shi a ƙofar wurin da shi da kansa yake tsokanar wasu da shi? Ƴan matan suka ce su nasu tsoron aure ne. In aka ji wance ta taɓa ganin likitan ƙwaƙwalwa, maganar za ta riga ta isa gida, kuma ranar da aka zo neman aurenta akwai wadda za ta raɗa ma dangin miji cewa a bincika, tana da taɓi. Samarin suka ce namiji ba ya kai kuka wurin wani namiji a kan ba ya barci. Shayi ake ƙarawa a fada. Wasu kuma, suka faɗa a hankali, tramol suke sha don su iya kwana bisa takarda, kuma mun san inda tramol ke kai mutum: kamu, da faɗuwa irin ta farfaɗiya. Wani ya kawo maganar kuɗi, tikitin ganin likita da kuɗin kabu-kabu da na magani, daga cikin abin da ko abinci ba ya isa. Wata ta ce tana tsoron a rubuta sunanta wani wuri, ya biyo ta ranar da za ta nemi aikin gwamnati.

Duk waɗannan mun ji su kuma ba mu yi mamaki ba. Wadda ta sa wurin ya yi tsit ita ce maganar wani yaro mai shekara ta biyu, wanda bai ce kome ba tun da aka fara. Ya ce: «Iyayenmu, ku yi haƙuri da abin da zan hwaɗi. Mun san inda kuɗɗin nan ke hitowa. Mun san ƙosai ne, mun san ƙuli-ƙuli ne, mun san akuyar da anka saida. Wanda uwa tai ta ci bashin asusu don shi yi karatu, da wane baki za shi ce ya kasa tashi daga katihwa?»

Mu dai da ƙauna muke faɗin irin maganganun nan. Ka dage, kai ne fatanmu. Ka tuna ƙannenka. Duk unguwa ido na kanka. Gaskiya ce kuma, babu ƙarya a ciki, kuma yaro mai lafiya ƙarfi take ƙara masa. Amma yaron da ciwo ya riga ya kama, wanda dama zuciyarsa ke gaya masa shi asara ne, in ya ji wannan sai ya ƙara kulle bakinsa. Shi a lissafinsa zuwa wurin likita yarda ce cewa jarin da aka zuba ya lalace. Ga alama kafin ɗalibi ya tambayi kansa ko likita zai iya taimakonsa, sai ya fara tambayar kansa abin da za a ce a gida. In ya tabbata gida za a karɓi maganar kamar yadda ake karɓar labarin palu, rabin nauyin ƙafarsa ya sauka. Wannan wurin ne mu mata muke da hannu, don maganin dai ba mu iya ba da shi, amma mu ne gidan.

Akwai ɗiyar wata ƴar ƙungiyarmu, kuma da yardarsu su biyu muke ba da labarin, ba tare da suna ba. Ita ce mace ta farko da ta ci bak a layinsu. A shekararta ta biyu ta faɗi darussa biyu, abin da bai taɓa faruwa da ita ba tun tana ƙaramar lakwal. Barci ya ƙaurace mata. Ta daina fita, in ƴan ɗaki sun tafi aji sai ta ja zane ta rufe kai. Wata ƴar ɗakinsu, wadda ba ma yarensu ɗaya ba, ita ce ta matsa mata har ta raka ta ɗakin likita na ɗalibai, daga can aka tura ta asibiti. Ta ce ranar niƙabi ta aro ta sa, ita da ba ta saba sa shi ba, don kada wani ɗan garinsu ya gane ta. Aka ba ta magani, aka kuma sa mata ranakun zuwa ta zauna a yi magana. Kuɗin maganin daga na abincinta take cirewa, ta wuni da gari da ƙuli. Sai da ta kusa shekara, ta samu sauƙi, sannan ta gaya ma uwarta. Uwar ta ce don mi kika ɓoye mani? Ta ce: «Inna, in na hwaɗa maki ke ma barci za shi guje maki, ga bashin asusu bisa kanki.» Yau ta gama lisans ɗinta. Uwar ta ce mana abin da ke cinta har yanzu shi ne wunin nan da yarinyar ta riƙa yi da yunwa, alhali jikka biyu ko uku a wata ba za su gagari ƙungiya ba.

Akwai kuma ɗan wata a wani gari kusa da mu, wanda nasa ya bi wata hanya. Ya yi wata huɗu ba ya zuwa aji, ana aika masa kuɗi yana cewa lahiya lau. Daga baya ya fara cewa ana bin sa, yana jin muryoyi suna zagin sa da dare. Abokai suka sa shi a mota suka kawo gida. Aka ce sammu ne, an ga yana ƙoƙari an jefe shi. Wasu suka ce iska ce ya gamu da ita a bakin kogi. Aka yi wata takwas ana yawo daga mai magani zuwa mai magani, awaki biyu suka tafi, har akwai inda aka ɗaure masa ƙafa. Da aka kai shi asibiti daga ƙarshe, cikin ƴan makonni ya fara barci, ya fara gane mutane da kyau. Yanzu yana tsare shagon kawunsa, yana shan maganinsa, yana maganar komawa karatu. Ma'aikacin jinyar nan ya ce mana irin wannan ciwon na jin muryoyi, gwargwadon saurin fara magani gwargwadon kyawun warkewa, kuma kowane watan da aka ɓata yana da tsada.

A nan sai mu taɓa maganar malamai, don mun san tana zuciyar kowa. Babu wadda ta ce a bar addu'a. Mu Musulmi ne, mun yarda da ƙaddara, mun yarda da tofi da rubutu, kuma a cikinmu akwai matan malamai. Amma wace ce a cikinmu, in ɗanta ya karye a ƙafa, za ta tsaya ga tofi kaɗai ba ta nemi maɗori ko asibiti ba? Malamanmu na kirki su da kansu suke cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Ƙwaƙwalwa ma gaɓa ce a jiki, tana ciwo kamar hanta da ƙoda. Abin da ke hana wasu ɗalibai zuwa shi ne an sa masu a rai cewa mai damuwa imaninsa ne ya yi rauni, da yana salla da kyau da ba ta kama shi ba. Mun san masu tsayuwar dare da ciwon ya kama. A yi addu'a, a je asibiti, rana ɗaya ma in an so. Abin da ba mu yarda da shi ba ko kaɗan shi ne duka da ɗauri da hayaƙin da ke shaƙe mutum da sunan fitar da aljani. Wanda ya ga an yi ma wani haka, in nasa ya zo ba zai taɓa buɗe baki ba.

Da yawanmu ba mu san bambancin masu wannan aiki ba sai da aka warware mana, kuma yaran ma ba duka suka sani ba. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, cikakken dokta ne, shi ke rubuta magani in ana bukata. Akwai wanda ƴan lakwal ke ce ma sikolog, shi ba ya ba da ƙwaya, aikinsa sauraro da magana, da koya ma mutum yadda zai kama tunaninsa kada ya rinjaye shi. Akwai ma'aikatan jinya da suka yi horo na musamman, su ne aka fi samu a asibitocin jihohi. Gaba ɗaya ba su da yawa. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020, a ƙasashen Afirka masu wannan aiki ba su kai mutum biyu ga kowane mutum 100.000 ba. Saboda haka a yi shirin jira da bin layi, kuma hanyar da ta fi sauƙi ita ce a fara da ɗakin likita na ɗalibai ko majo na CSI mafi kusa, a faɗi abin da ake ji ba tare da kwana-kwana ba, su tura mutum gaba. Ba duk wanda ya je ake kwantarwa ba, mafi yawa ganin likita suke su koma ɗakinsu. Ba duk wanda ya je ake ba ƙwaya ba. In an ba da ta damuwa, takan ɗauki mako biyu zuwa huɗu ko fiye kafin a fara jin sauƙi, don haka kada a ce ba ta aiki a jefar, kuma kada a tsaida ta rana ɗaya don an ji dama, sai da shawarar wanda ya rubuta. Kuma abin da ka faɗa ma likita amana ce, aikinsa ya hana shi kai shi waje. Wannan na ƙarshe ya kamata kowace uwa ta maimaita ma ɗiyarta.

Akwai magana mai nauyi da ba mu son faɗi amma dole. Ciwon damuwa in ya yi tsanani yakan sa mutum ya ji gara ba ya duniya. Kashe kai yana cikin manyan abubuwan da ke ɗauke matasa masu shekara 15 zuwa 29 a duniya, kuma ƴaƴan Musulmi ba su fita daga ciki ba don kawai ba a faɗi. In yaro ya fara cewa na gaji da rayuwa, ko ku yafe mani na zame maku kaya, ko ya fara rabar da kayansa ba dalili, ba lokacin faɗa ba ne, ba kuma lokacin wa'azin wuta ba ne. An tabbatar mana tambayar mutum kai tsaye, cikin natsuwa, ko yana tunanin cutar da kansa, ba ta sa masa tunanin. Sauƙi ma yake ji an tambaye shi. A tambaya, kada a bar shi shi kaɗai, a sa wani na kusa ya raka shi asibiti a ranar.

Wata matsala tamu ce ta Hausawa, kuma sai da wata tsohuwa a cikinmu ta ambace ta muka lura. Sau da yawa wanda ya fara zuwa jami'a a gida ɗan fari ne. Ɗan fari kuwa ko sunansa ba mu faɗi, balle mu zaunar da shi mu ce mi ke damun zuciyarka. Shi ma kunyar nan ta hana shi. Ba mu ce a yar da alkunya ba, ado ce. Amma al'adar da ta sa kunya tsakanin uwa da ɗan fari ita ce kuma ta ba shi kaka da zai yi wasa da ita, da gwaggo, da ƙanwar uwa, da kawu. To a cikin waɗannan a samu wanda yaron ke sakin jiki da shi, a ba shi lambar waya, a ce ka riƙa kiran sa ba don aike ba. A ƙungiyarmu yanzu har musanya muke yi: ke ki kira ɗiyata, ni in kira ɗanki. Yaro yakan gaya ma ƙawar uwarsa abin da ba zai iya gaya ma uwar ba. Tambayar ma mun sake ta. Ƙaƙa karatu amsarta guda ce. Amma in kin ce ƙarfe nawa ka yi barci jiya, mi ka ci da rana, da wa kake zama in an tashi aji, yaushe rabonka da dariya, sai ki ji muryar ta canza in akwai wani abu. Kuma mun ce kowace ta samu rana, tun yaro yana lafiya, ta faɗa masa da bakinta: in ka faɗi jarrabawa ɗana ne kai, in ka ji ranka ba daidai ba ka je likita, kuɗin yana wuyanmu, kuma babu wanda zai ji.

Maganar kuɗin ce ta kawo gardama. Kamar sauran ƙungiyoyi, ban da zubin mako muna da ƙaramin asusun taimakon juna, wanda ake taɓawa in an yi haihuwa mai wuya, ko gobara, ko rasuwa, ko an kwantar da wani. Muka kawo shawarar a sa ciwon damuwa da na ƙwaƙwalwa a ciki, har da na yaranmu da ke karatu nesa. Wata Hajiya, wadda ta girme mu duka kuma tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, ta ce ita ba ta gane ba. Ta ce: «Mu da munka haihi goma munka bizne huɗu, wa ya kai mu wurin mai sauraren magana? Haƙuri munka yi. Yaran yanzu in kun buɗe masu wagga ƙohwa, duk wanda ya hwaɗi jarrabawa sai shi ce damuwa ce.» Ba a yi mata musu da sauri ba, don maganarta tana da nauyi, kuma ta sha abin da ba mu sha ba. Wadda ta ba ta amsa sa'arta ce. Ta ce: «Hajiya, haƙuri mun yi shi, amma ba mu kaɗai munka yi shi ba. Ranar da kinka rasa naki, kwana arba'in gidanki bai rabu da mata ba. Akwai bakin rijiya, akwai wurin daka, akwai wadda za ta karɓi tabarya ta ce zamna ki huta. Shi yaron can wa gare shi? Kuma ki tuna wance, da anka ce iska ce, ta ƙare rayuwarta cikin ɗaki. Da yanzu ne wataƙila da ta ga jikokinta da hankalinta.» Hajiya ta yi shiru, can ta ce to a yi, amma a sa ƙa'ida.

Ƙa'idar da muka tsaida ita ce, kuɗin na tikiti ne da magani da abin hawa zuwa asibiti, kuma ana nuna takardar likita kamar kowane ciwo. Wannan ya kashe tsoron Hajiya na masu fakewa. Wahalar da ta rage ita ce sirri. Ƙarfin asusu shi ne kome a fili ake yi, a gaban kowa ake buɗe akwati, a gaban kowa ake ƙirga. To in uwa za ta miƙe gaban mata talatin ta ce ɗiyata tana ganin likitan ƙwaƙwalwa, ba za ta miƙe ba, kuma tana da gaskiya, don mun san bakinmu. Sai muka ce irin wannan buƙata shugaba da ma'aji da sakatariya kaɗai za su ga takardar, a kaye a rubuta «lafiya» da adadin kuɗin, taro ya ji adadin ba tare da jin ciwon ba. Su ukun sun ɗauki alkawari gaban kowa, kuma wadda ta fitar da magana ta sauka daga muƙaminta. Daga lokacin zuwa yau an taɓa asusun sau biyu ta wannan hanya, kuma mu da muke rubutun nan ba za mu ce ko na wa ba ne.

Abin da har yanzu ba mu daidaita a kansa ba shi ne ciwon da maganinsa ke ɗaukar watanni ko shekaru. Asusun taimakonmu dala ashirin-ashirin ne a mako, an gina shi don abin da ke zuwa sau ɗaya ya wuce. Wasu sun ce a biya wata uku na farko kyauta, sauran ya zama rance marar riba. Wasu sun ce a ƙara zubin taimakon zuwa dala talatin, amma akwai waɗanda ashirin ɗin ma da ƙyar suke kawo ta lokacin bazara. Mun ɗage maganar zuwa taron da za mu yi kafin rabon ƙarshen zagaye. In akwai ƙungiya a Tawa ko Damagaram ko Yamai da ta riga ta gwada wani tsari a kan magani mai dogon lokaci, ko na hawan jini ne ko na farfaɗiya, don Allah ta aiko ma masu haɗa wannan takarda yadda ta yi da adadin da ta tsaida, mu gani kafin ranar.